Ruwan Wanke Fuskar Janar

Da harshena na fara sanin sana'ar Ña Bartola. Na shiga bayan dandamali da yunwa, na tarar da wani ƙoƙo a rufe da ganyen ayaba, ƙanshin kwakwa da mazarƙwaila yana tashi daga ciki. Na ce lallai wata mai tsoron Allah ta tuna da marayu. Na waiga hagu, na waiga dama, na luma yatsu biyu na kai baki. Ashe gawayi ne, na ɓawon kwakwa, an niƙa shi lilis an kwaɓa da mai, an ɗiga mazarƙwaila don ya kama fata. Kafin in sami inda zan tofar, sai ga ta tsaye a kaina, hannu a ƙugu.

"Sinforoso, ka cinye wa Janar kunnensa na hagu," in ji ta. "Sai ka je ka yi wa Don Anastasio bayani."

Har bikin ya watse yara suna bi na a titi suna roƙon in yi musu dariya su ga baƙaƙen haƙorana.

Bartola Salgado mai wanki ce. A garinmu San Lazaro, kalmar girmamawa "Doña" ta fararen matan Unguwar Tudu ce, matan Gangare sai dai a yanko musu wutsiyar kalmar, shi ya sa ta tsufa tana Ña. Doguwa ce, baƙa wuluk, damatsanta kamar na masu dakon buhu a tashar jirgi. Tun tana ƙanƙanuwa take bin uwarta bakin kogi da ƙullin kayan mutanen Tudu a ka. Ta san wanda ke zubar da miya a ƙirji, ta san wanda ke dawowa gida da jan-baki a wuyan riga, ba ta kuwa taɓa faɗa wa kowa ba. Mijinta ya tafi aikin gonakin ayaba tana goyon ɗansu Evaristo, ya aiko da gaisuwa sau ɗaya, shi ke nan. Da sabulu da dutsen guga ta reni yaron har ya zama direban jirgin ruwan da ke kai fasinja garuruwan ƙasan kogi.

Amma sau ɗaya a shekara tana da wani aikin, shi ma gadonsa ta yi wurin uwarta. Ita ke mayar da farin mutum baƙi.

Wasan Janar wani fadan coci ne ya zo mana da shi daga ƙetare tun zamanin kakanni, muka riƙe shi kamar mu muka haife shi. Labarin wani baƙin jarumi ne da ya ci wa fararen fata yaƙi, ya auri 'yar babbansu, wani na hannun damansa ya yi ta ɗura masa kishi a kunne har ya shaƙe ta a kan gado, ba ta ji ba ba ta gani ba. Duk shekara ranar bikin waliyyin gari, in an gama zagayawa da mutum-mutuminsa, akan cika tsohon siton shinkafa na bakin tasha da la'asar, kowa cikin fararen kaya, a sha kuka a more. Ni aikina zama a rami ƙarƙashin dandamali, in ɗan wasa ya manta zancensa in raɗa masa.

Wasan yana da ƙa'idoji biyu waɗanda fadan bai zo da su ba, mu muka ƙara. Ta farko, Janar da matarsa dole su kasance miji da mata na gaskiya, don a San Lazaro ba a taɓa jin inda namiji ya sunkuya a kan matar wani a gado, ko da na wasa ne, ya kwana da haƙoransa ba. Ta biyu ita ce wanki. In an gama, akan fito da Janar filin gaban sito a zaunar da shi, matar da ya kashe ta taso ta wanke masa fuska a daro a gaban kowa. Baƙin ya sauka, farar fuskar likita ko ta mai shago ta bayyana, a ɗauki tafi da shewa. Sai Bartola ta sunkuci daron baƙin ruwan ta nufi kogi, jama'a na darewa don kada ya fallatsa musu a kaya, suna bin ta a baya da ihun "Tafi! Tafi!" har ta sheƙa shi a ruwa. Daga nan sai kiɗa.

Wanda bai san makiyayanmu ba zai ce shirme ne. Daga rugage suke saukowa, adda a ƙugu, giya a ciki, kuma da zarar matar nan ta fara roƙon ranta, rabinsu sun manta wasa ne. Wata shekara ciki ya murɗa wa wani Janar, ya arce gida ba a wanke shi ba. Sai da suka farfashe masa tagogi, ya fito da wando a hannu aka wanke shi a tsakiyar titi, kafin gari ya lafa.

To, Evaristo ya je ya auro Herminia, 'yar Don Anastasio Tamara mai kantin magani, shugaban ƙungiyar wasa. A wani cocin ƙasan kogi aka ɗaura, ba wanda ya je daga Tudu. Tun ranar, in Don Anastasio ya hango surukinsa sai ya sami abin dubawa a sama. Akwai kuma Rigoberto, ɗan ƙanwar Don Anastasio, wanda tun yana gajeren wando ya sa wa ransa Herminia tasa ce, ita da kantin. Shi ke fitowa a matsayin mai zuga Janar kowace shekara, kuma in faɗi gaskiya, ban taɓa raɗa masa ko kalma ba.

A shekarar da nake ba da labari cikin matar likita ya tsufa, ba ta iya kwanciya rigingine, balle ta mutu. Aka zauna neman wasu. Rigoberto ya miƙe a taro, murya kamar zuma, ya ce duk garin ba mai muryar Herminia. Ya juya ya dubi kawunsa. "Sai dai in akwai mai shakkar aurenta." Tarko ya ɗana wa Don Anastasio. In ya ce a'a, ya faɗa wa duniya da bakinsa cewa 'yarsa zaman banza take yi. Aka tashi a kan haka.

Bartola tana shanya a tsakar gida suka shigo mata da labarin, riƙe da hannun juna kamar waɗanda suka ci caca.

"Mama, bana ƙoƙonki zai huta," in ji Evaristo.

Ta gama matse zanen gadon da ke hannunta, ta yarfa shi a igiya. "Wa ya kawo sunanku?"

"Rigo," in ji Herminia. "Na san abin da za ki ce, Mama. Amma ki duba. In muka hau gadon nan, garin nan kaf ya yarda ke nan mijina ne. Har Baba."

"Na ji. In kin gama mutuwa kin taso, sai me?"

"Sai in wanke..." Herminia ta tsaya.

"Ƙarasa mana, Niña. Sai ki wanke me?"

"Na ce ki daina ce mini Niña, ni ba uwar ɗakinki ba ce."

"Ni kuma na ce ki ƙarasa."

Evaristo ya yi dariya, irin ta wanda ya riga ya kwana da tunanin ya ture shi gefe. "Haba Mama. Wa bai san ni ba? Rabin makiyayan nan ni na ɗauko matansu a jirgi suna naƙuda."

"Da safe suka san ka, cikinsu ba giya, hannunka a kan sitiyari. Ba su taɓa ganin hannun nan a wuyan farar mace ba."

"Wasa ne fa."

"Wasa ne in ya fita a ruwa."

Dariyar Evaristo ta ɗauke. "Tun kafin a haife ni kike shiga siton nan ta ƙofar baya. Ni ta gaba zan shiga, ko da sau ɗaya ne."

Bartola ta ɗauko wani zanen ta murɗe shi har ya yi ƙara.

Mai wanki ta ƙofar kicin take shiga gidaje, kuma a kicin magana ke sauka. Kafin mako ya zagayo Bartola ta ji abin da ake dafawa. Rigoberto, wanda ko ƙuda ba ya ci a hannunsa, ya koma sayen giya ga duk makiyayin da ya shigo gari. Ba ya zagin kowa. Cewa kawai yake yana jin tsoro. Wai ya ga shaida a damtsen Herminia, wai ta ce ƙofa ce ta buge ta. Wai irin waɗannan mutanen in suka damƙi abu ba su san lokacin saki ba, ba laifinsu ba ne, jininsu ne.

Da ta je karɓar kayansa, da kansa ya fito mata da farar kwat ɗin biki.

"Ña Bartola, ki sa mata sitati sosai. Bana ina son in fito tas."

"Na taɓa kawo maka kaya da datti?"

"Ina! Ai ba abin da ba ya fita a hannunki." Ya yi murmushi. "To, kusan ba abin da ba ya fita."

Ta karɓa da hannu biyu kamar yadda ta saba. Daga nan kantin magani ta zarce, ta tsaya gefe har masu saye suka ƙare.

"Don Anastasio, ka hana wasan nan."

Bai ɗago daga ɗan turmin maganinsa ba. "Da wane baki?"

"Ka ce rufin sito zai rufto. Ka ce ba ka da lafiya."

"Ki gaya wa ɗanki ya janye."

"Ka gaya wa 'yarka."

Suka dubi juna, karo na farko tun auren, iyayen kurame biyu. Ya leƙa ƙofa, ya sassauta murya. "Ki shafa masa, Bartola."

"In shafa masa me?"

"Abin da kike shafa wa kowa. Ki yi mai kauri. A dai sami abin da zai sauka, su ga tsumma ya yi baƙi. Mashayi ba fuska yake dubawa ba, ruwa yake dubawa."

Ji ta yi kamar ya wanka mata mari. Tun daga Tudu har Gangare tana tsine masa a zuci, shi da turminsa da tabaransa. Da ta isa gida, sai ta sami kanta a bayan murhu tana tattara ɓawon kwakwa.

Ranar biki rana ta buɗe kamar an hura wuta a sama. Tun azahar dawakan makiyaya suka cika gindin itatuwan tasha. A bayan dandamali Evaristo ya gama ɓalla maɓallan jar rigar Janar, wadda sai da uwarsa ta farke kafaɗun ta ƙara musu yadi. Ta ja masa kujera.

"Zauna."

Ya zauna. Ta ɗaga ganyen ayaba. Ya dubi ƙoƙon, ya dube ta.

"Mama, ni za ki shafa wa?"

"Kaɗan. Goshi da kumatu."

"Wanda kika haife ni da shi bai ishe su ba?"

"Su ba naka suke so ba. Nawa suke so, mai fita."

Ta tsoma yatsu ta ɗaga. Ya riƙe wuyan hannunta, ba da ƙarfi ba. Duk shekarun nan a kan farar fata take ganin kwaɓin nan, ba ta taɓa kai shi kusa da baƙar fuska ba. Yau ga shi dab da kuncin ɗanta, sai ta ga ba su ko yi kama ba. Kuncin na sheƙi da gumi, har da wani ja-ja a ƙarƙashi. Abin da ke yatsunta kuwa taɓo ne, matacce, ba launin wani ɗan Adam da ta taɓa sani ba.

"In kin ce sai kin shafa, ba zan hana ki ba," in ji shi, ya sake ta. "Amma daga yau har in mutu, sunana wanda uwarsa ta yi wa fenti."

Ya rufe ido ya ɗaga fuska, yadda yake yi tana masa wanka yana yaro. Ta bangon katako tana jin makiyaya suna shigowa, addunansu na bugun kujeru. Ta san abin da ke jiransa in bai shafa ba, ta fi shi sani. Hannunta ya tsaya a sama har aka buga ƙararrawa. Sai ta goge yatsun a gefen zanenta, ta rufe ƙoƙon, ta ƙulle shi a haɓar zanen.

"Tashi ka tafi. Kada ka daɗe a wuyan. Taɓa ka saki."

Da farko abin ya tafi daidai, har ya wuce daidai. Mun saba da Janar mai tumbi, mai ƙaramar murya, wanda gumi ke zana wa farin layi daga goshi zuwa haɓa. Da Evaristo ya fito ya yi magana, sai sito ya yi tsit. Matan Gangare da ke tsaye a baya suka riƙa dangwalar juna. Bartola tana bayan labulen buhu da daron ruwa a gabanta, ba ɗanta take kallo ba, layin makiyaya take kallo. Ta lura Rigoberto ya sake salo. Zugar da ya saba raɗa wa Janar a kunne, yau juyowa yake ya faɗe ta yana duban jama'a, a hankali, kamar mai ba da shaida.

Aka turo gado.

A wannan wurin ne mata kan fara kuka kowace shekara, tsofaffi na kiran Budurwa Maryamu, wani ya yi wa Janar ihu cewa ƙarya aka yi mata. Yau ba wanda ya yi tari. Evaristo ya sunkuya. Baƙin hannu ya sauka a farin wuya. Herminia kuwa, Allah ya yafe mata, ta ɗauki wasan da gaske, ta riƙa shure-shure, diddigenta na bugun katako, tana wani gurnani da ba mu taɓa ji a gwaji ba. Ba ta so a ce 'yar Tamara ta yi mutuwar wasa.

Saki, Bartola ke faɗa a zuci. Saki, ɗan nan, saki.

Kujera ta yi ƙara, wani makiyayi ya miƙe. "Kai baƙi! Ɗauke hannunka!"

Kwalba ta taso daga baya ta tarwatse a ƙafar gado, gilas ya zubo mini a wuya cikin ramina. Sauran wasan a guje aka yi shi. Ba wanda ya ji jawabin Janar na ƙarshe. Da ya soka wa kansa wuƙar katako ya faɗi, wani ya ce, "Ba haka ake yi ba. Fito mu nuna maka."

Ba fito da shi aka yi ba, turo shi aka yi. Bartola ta riga su filin, ta ajiye daro a gaban kujera. Jama'a suka kewaye, fari fat ko ta ina, makiyaya a sahun gaba, matan Gangare can baya ba sa iya kutsowa. Don Anastasio na tsaye gefe da lema a hannu. Herminia ta fito tana murmushin ƙarfin hali, ta ɗaga haɓa ta juya wuyanta hagu da dama don kowa ya ga lafiya lau take. Ba wanda ya duba. Ta tsoma tsumma, ta shafi goshin mijinta, ta shafi kumatu, ta matse a daro.

Ruwa garau. Har ana ganin furen da aka zana a gindin daron.

Ta sake. Evaristo na zaune ƙyam, idonsa a buɗe, ruwa na ɗiga daga haɓarsa zuwa jar riga.

"Ƙara sabulu, 'yar'uwa!" in ji Rigoberto daga sahun gaba. "Ko a kawo miki dutsen goge kaushi?"

Aka yi dariya, amma ba irin wadda ke kwance ɗaurin ciki ba. Wani makiyayi mai guntun kunne ya tofar da taba. "Daro ya yi masa kaɗan. Mu kai shi kogi mu wanke shi da kanmu."

"Kogi!" wani ya amsa. "Kogi!"

Da'irar ta matso. Herminia ta saki tsumma ta tsaya a gaban mijinta, wani ya janye ta gefe da ladabi, yana ce mata kada ta ji tsoro, Niña, yau ta huta. Hannu ya sauka a kafaɗar jar riga. Evaristo ya fara miƙewa, Bartola ta ga yadda ya dunƙule hannu, ta san in ya kai naushi ɗaya ya gama yawo.

"Zauna!" ta daka masa tsawa, irin wadda take yi daga wannan gaɓar kogi a ji a waccan. Ya zauna. Har mai guntun kunne sai da ya waiga.

Ta kwance haɓar zanenta a gaban kowa, ba ɓoye-ɓoye. Ta ɗaga ƙoƙon sama, ta yar da ganyen, ta kife shi a daro. Ta zura hannu har gwiwa ta dama. Furen ya ɓace. Ruwan ya koma baƙi ƙirin, mai na yawo a kai.

"Janar kuke nema?" in ji ta. "Ga shi nan. Kowace shekara daga ƙoƙon nan yake fitowa, ni nake kwaɓa shi, a murhuna. Shi ya shaƙe matar likita bara, shi ya shaƙe matar mai shago bara waccan. Bana na hana shi hawa gado, shi ke nan. Wancan da ke zaune ɗana ne, mai jirgi. Ku ba ni hanya."

Ta sunkuci daron. Ba a ka ta ɗora shi ba kamar yadda ta saba, a ƙugu ta riƙe shi, cike taf, tana tafe yana tangal-tangal. Kai tsaye ta nufi inda suka fi yawa.

Makiyayinmu zai tari ƙahon bijimi da ƙirji. Amma kayan biki guda gare shi, matarsa ta kwana biyu tana gogewa, kuma da su zai yi rawa. Mai guntun kunne ya dubi baƙin ruwan da ke leƙowa bakin daro, ya dubi wandonsa, ƙafarsa ta ja baya ba tare da ta yi shawara da shi ba. Na kusa da shi ya yi tsalle. Hannun da ke kafaɗar Evaristo ya ɗauke.

Rigoberto kaɗai ya tsaya a hanyarta. "Wannan maguɗi ne! Ba daga fuskarsa ya fito ba, kowa ya gani!"

Ba ta tsaya ba, ba ta kauce ba. Ya ɗauka za ta tsaya, don duk rayuwarsa tsayawa take yi. Bakin daron ya daki cikinsa, ruwa ya yi tsalle ya wanke masa kwat daga ƙirji har gwiwa.

Daga can baya wata tsohuwar Gangare ta ɗaga siririyar murya. "Tafi!"

Shiru.

"Tafi!" Wannan karon su da yawa. Yara suka ɗauka, don su abin da suka sani ke nan. "Tafi! Tafi!" Bartola ba ta waiga ba. Tana tafe tana sauraron bayanta, tana jiran ta ji ko ƙafafu sun biyo ta ko sun tsaya wurin ɗanta. Gangaren tasha bai taɓa yi mata nisa haka ba. Sai da ta kusa ruwa ta ji ƙarar takalman makiyaya a kan tsakuwa, suna ihu suna dariya, wasu na tsokanar Rigoberto. Ta shiga kogi har cinya, ta ƙi zubarwa. Ta juya daron, ta gyara riƙo, ta jira, ta sa suka yi ta ihu har muryoyinsu suka dushe. Sannan ta sheƙar.

Da ta hauro, filin ba kowa sai kujera da tsumma. Aka ce Don Anastasio ya buɗe lemarsa ya shige gaba, 'yarsa da surukinsa na biye, suka bi ta tsakiyar Tudu har Gangare. Bai ce wa Evaristo uffan ba. A ƙofar gidan Bartola ya juya ya koma kantinsa.

Kada wani ya ce garin ya shiryu. Kafin damina Evaristo ya nemi canji zuwa tashar ƙasan kogi, suka tattara shi da Herminia, sai dai su zo ranar Lahadi. Da shekara ta zagayo likita ya karɓi jar rigarsa. Aka aika wa Bartola, ta ce hannunta na ciwo, ko da yake a ranar an gan ta tana murɗe bargo. Suka shafa wa likita man takalmi, fuskarsa ta kumbura kamar burodi. Wanki kuwa ta ci gaba da yi wa Tudu, har da Rigoberto, wanda ba ya fitowa da kansa kuma.

Kwanan baya na biya ta gidanta, na same ta tana guga a inuwar mangwaro, gashinta ya yi fari, damatsan suna nan. Na ja kujera, na ce ina rubuta labarinta ne don na baya su sani.

"Wa ya aike ka?"

"Ba kowa. Amma Ña Bartola, ki faɗi gaskiya, ranar nan ai mun nuna musu. Mu baƙaƙen garin nan mun tsaya tsayin daka."

Ta ɗaga dutsen guga, ta tofa masa yawu ta ji zafinsa, ta dube ni sama da ƙasa.

"Mu? Kai da wa? Ina dama ruwan nan ina jin muryarka a bayan mai guntun kunne, kana rantse masa kakanka Bature ne ɗan Sifen. Ɗaga ƙafarka, ka taka mini zanen mutane."